Inda Kawu Yake Aza Ƙoƙo

Ranar sadakar uku ta Kawu, wani ɗan makanike da ya zo daga Tasawa ya miƙe gaban mutane ya ce marigayi bai taɓa yin kuskure a kan inji ba tun da Allah ya halicce shi. Ina cikin gida bayan darni ina jin sa. Wallahi ba don zaman makoki ake ba, da na leƙo na ce masa ya zamna. Yaushe aka haife shi? Lokacin da abin da zan faɗa ya faru, ko uwarsa ba a kai ɗaki ba.

An zo, ba laifi. Direbobi sun zo daga Maijirgi, masu injin niƙa sun zo daga Bawdeta, kowa da labarin ranar da Kawu ya fisshe shi kunya. Wani tsohon Bahillace, amininsa tun suna samari, ya zo a amalanken jaki daga wajen Isawan. Bai yi jawabi ba. Ya zamna bakin ƙofa ya ja rawaninsa ya rufe ido, kafaɗunsa suna motsi, aka ƙyale shi. Iya kuwa, matar Kawu, idonta a bushe yake. Da mata suka dame ta da a yi haƙuri, sai ta ce, "Haƙuri ai na gama yin sa. Mutumin da ko murhin tukunya ya yi ƙara sai ya taso daga barci ya dahwa shi?" Aka yi dariya, dariyar ta koma kuka, ita ma sai a sannan ta fashe.

Ni ɗiyar ƙanwarsa ce, a hannunsa na tashi bayan rasuwar uwata. Shi ya sa maganar yaron nan ta tsaya mini a wuya. Kawu ya yi kuskure, babba ma, a gaban idona. In aka manta da wannan, an manta da shi ke nan, sai a bar mu da wani waliyyi da ban sani ba.

Ba mutum ne mai sauƙin hali ba, kada a yi masa ƙarya don ƙasa ta rufe shi. Yana da faɗa, yana da taurin kai, kuma bai iya cewa sannu ba. Ya fara da yaron mota zamanin da manyan motoci suke kwasar gyaɗa, daga nan ya koma gyaran injunan ɓarar gyaɗa da na niƙa, har aka ba shi riƙon injin foraj na garinmu, wato rijiyar nan mai zurfi da aka haƙa da na'ura. In ya shiga mota, kafin ya gaida direba sai ya dafa ƙofa ya yi shiru. Direbobi har gudun ɗaukarsa suke yi, don kafin a kai Mayahi ya lissafa musu ciwon motarsu a gaban fasinja.

Amma bai yarda da hannunsa kaɗai ba. Yana da wani ɗan ƙoƙo da yake zuba wa ruwa rabi, ya aza a kan inji yana aiki, ya tsuguna yana kallon fuskar ruwan. In ruwan yana ɗan kaɗawa a hankali, lafiya. In ya fara tsalle, akwai magana. Yakan ce, "Hannu yana da son rai, abin da mai shi ke so shi yake ji. Ƙoƙo bai san kowa ba."

Alherinsa ma a murtuke yake yin sa. Shekarar farin nan na biyu, wanda aka yi zamanin soja, mijina ya tafi kudu neman abin da za mu ci, ya bar ni da goyo. Kullum da safe Kawu zai shigo yana faɗa, wai darnina ya karkace, wai na bar akuya tana cin igiya. In ya fita sai in tarar da ɗan hatsi a ƙulle cikin tsumma bayan randa. Ran da na yi masa godiya, cewa ya yi bai san zancen da nake ba, in daina sa masa baki cikin shirme.

A wannan shekara rijiyoyin hannu duk suka ƙafe. Gero bai kai ga fidda kai ba ya ƙone a tsaye. Daga gabas da arewa mutane suka riƙa kwararowa garinmu da abin da ya rage musu na dabbobi, saboda foraj ɗinmu kaɗai ke ba da ruwa a duk yankin. Kowa ya san maganar, har yara: ran da foraj ya tsaya, ran nan gari ya tashi. Injin yana cikin wani ɗan ɗaki, a ɗaure kan dogayen ƙarafa biyu da aka kafa cikin siminti. Bel, igiyar robar nan mai faɗi, yana tashi daga injin ya juya kan famfo, daga kan famfon kuma wata doguwar sandar ƙarfe, gaɓa-gaɓa, ta nutse cikin ramin har ga ruwa. Kawu ya sha faɗa mana cewa in sandar nan ta karye ta faɗa ƙasa, babu mai iya ciro ta a ƙasarmu, sai dai a toshe ramin a yi masa addu'a.

Saboda faɗace-faɗacen layin ruwa, aka turo mana wani Lacidan, mai muƙamin soja, da gardawan gwamnati kaɗan masu bindiga. Shi ke raba ruwa, shi ke raba taimakon abinci. Taimakon kuwa masara ce, ja, mai tauri kamar tsakuwa. Mu da muka saba da gero, ga yunwa ta cinye damtse, sai mace ta wuni a kan turmi ba ta fidda abin kunun yara ba. Akwai injin niƙa a gari, amma na'urar da ke juya shi ta mutu tun bara, ba kayan gyara. Mu mata mu muka tasa Kawu gaba. Ni ce ma a gaba. Muka ce ga inji can yana ta ruri daga safe har magariba, me zai hana a ɗaura masa abin niƙan a ɗaya gefen, ya ja ruwa ya kuma niƙa mana?

Ya yi kwanaki yana cewa a'a, daga baya ya yarda. Aka ɗauko abin niƙan aka ɗaure shi a kan ƙarafan nan guda da injin, aka sa masa nasa bel. Ran da za a gwada, Lacidan ya zo ya tsaya bakin ƙofa. Dogo ne, siriri, leɓensa a tsage kamar na kowa. Ya ce, "Tsoho, ni ban san inji ba. Abu guda nake tambaya. Wanga abu zai taɓa mini ruwa?"

Kawu ya ɗauko ƙoƙonsa. Akwai inda yake aza shi tun da aka kafa injin, a tsakiyar ƙarfen, wurin har ya yi sheƙi. Ya aza, aka tada inji, aka zuba masara. Ruwan ƙoƙo ya kwanta lumui, ya fi ma yadda yake a da. Kawu ya yi murmushi, abin da ba kasafai ake gani ba. Ya ce, "Ranka ya daɗe, dubi da idonka. Na rantse maka ba abin da zai samu ruwa."

Lacidan ya ce, "Dakor, na yarda. In injin ya mutu, kai da shi."

Ranar mun yi guɗa. Lacidan ya aika wa manyansa cewa garinmu akwai ruwa akwai niƙa, su kuma suka aiko cewa za su zo su gani, da ƙarin masara. Ya kafa doka: ba mai kashe injin nan da rana sai da izininsa, ya ajiye gardi a bakin ƙofa.

Ba a yi nisa ba na fara ganin abin da ban gane ba. In na ajiye tuluna a kan simintin bakin famfo, can waje inda muke tara ruwa, sai in ga yana matsawa da kansa, kaɗan-kaɗan, har in tare shi da ƙafa. In na riƙe bututun, haƙorana su yi ta zuga. Ɗan da ke bayana, da ya saba barci a layi, sai ya dinga farkawa yana tsala ihu. Na samu Kawu da rana yana wanke hannu da gazuwal, man injin.

Na ce, "Kawu, tuluna na tahiya."

Ya ce, "Tahiya ina? Kano?"

Na ce, "Ba wasa nake ba. Bututun nan na rawa, da ba haka yake ba."

Ya ɗago ya dube ni sama da ƙasa. "Ke da bakinki kika ce a haɗa. Yanzu kuma ke za ki koya mini inji? Je ki duba ƙoƙo, ga shi can. In ya motsa ki zo ki mare ni."

Raina ya ɓaci, ni ma ba baya ba ce wajen baki. Na ce, "To ƙoƙon ya sha ruwan shi kaɗai ran da muka rasa!" Na juya na tafi. Na daina gaishe shi. Ya daina zuwa duba darni, amma ƙullin hatsin bai daina zuwa ba, Iya ke kawowa tana harara ta.

Ashe amininsa Bahillace shi ma ya same shi. Ya ce masa shanu, da ƙishirwarsu da komai, sun ƙi sa baki a kan kwamin da ke kusa da ɗakin inji, sai su yi ta turereniya a can ƙarshe. Kawu ya ci gaba da aikinsa. Amma ana gobe manyan za su zo, da hantsi, sai ga shi a ƙofar ɗakina. Bai yi sallama da daɗi ba. Ya ce, "Ke, ƙoƙuna nawa gare ki? Kawo su duka, da kwanoni. Ki ɗauko tulunki ki biyo ni." Iyakar ban haƙurin da na samu ke nan, kuma na karɓa.

Muka ratsa layi. Mata da buhunan masara a gefe guda, masu tuluna a gefe guda, bayansu shanu da raƙuma har inda ido ya tsaya. Rana ta fara zafi. A cikin ɗakin, Kawu ya jera ƙoƙunan tun daga gindin abin niƙa, bisa ƙarfen, gefen inji, har wuyan famfo inda sandar take shiga ƙasa. Ina bi ina zuba ruwa, mutane na leƙe ta taga suna haɗiyar miyau, wata tana cewa dubi yadda ake wasa da ruwa.

Ban gama zubawa ba na ga abin. Ƙoƙonsa na tsakiya yana nan kwance lumui. Na damansa yana rawa. Na hagunsa yana rawa. Kowane ka matsa gaba ya fi na baya, har zuwa na wuyan famfo, wanda ruwansa ke tsalle yana fantsama, shi kansa ƙoƙon yana juyawa yana neman faɗuwa. Kawu ya durƙusa a wurin. Ya shafa gindin ƙusoshin da suka riƙe kan famfo, ya ɗago yatsa, ga garin ƙarfe baƙi. Simintin ya tsage, siririyar tsaga kamar gashi. Na dubi fuskarsa, na ga ta yi toka. Ban taɓa ganin tsoro a fuskar Kawu ba sai ran nan.

Ya miƙe ya nufi abin kashe inji. Gardin da ke ƙofa ya shigo da sauri. "Baba, don Allah kada ka ja mini. Ka san doka."

Kawu ya ce, "Je ka kira shi. Ka ce na hi ƙarhinka."

Ya ja ƙarfen. Injin ya yi tari, ya yi tari, ya mutu. Bututu ya yi ƙwarr ya ɗauke. Ban taɓa jin shiru mai ban tsoro irin wannan ba. Sai wata saniya ta yi kuka, sai layi duka ya ɗauka, ana mi ya hwaru, mi ya hwaru.

Lacidan ya iso yana ture mutane, gardawa na bayansa. Bai ɗaga murya ba, wannan ya fi ba ni tsoro. "Wa ya kashe?"

"Ni ne, ranka ya daɗe."

"Ba kai ka rantse mini ba?"

"Ni ne. A kan kuskure na rantse." Kawu ya nuna ƙoƙunan. "Inda na saba azawa, can da inji na shi kaɗai, nan ne gaskiya take. Da na haɗa su biyu kan ƙarhe guda, wancan na ja, wannan na ja, sai tsakiya ta yi tsit, rawar duka ta gudu ta koma wuyan hwamho. Ni kuwa ban matsa da ƙoƙona ba. Na ga ya kwanta, na ji daɗi, ban nemi wani wuri ba. An hwaɗa mini ma, na ƙi ji."

Lacidan ya dubi agogonsa, ya dubi ƙofa. "Gobe manya na zuwa. Ni da bakina na aika cewa akwai ruwa akwai niƙa. Mi kake so in nuna musu?"

"Ruwa, ranka ya daɗe."

Wani gardi ya gyara riƙon bindigarsa. Na raɓe jikin bango, ɗana yana ta mutsu-mutsu a baya. Lacidan ya matso har numfashinsu na haɗuwa. Ya ce, "Tada shi."

Kawu ya ce, "Zan tada. Amma ka aza hannunka nan tukuna." Ya nuna wuyan famfo.

Na ɗauka marinsa zai yi. Ya daɗe yana kallonsa, sannan ya tsuguna ya aza tafinsa. Kawu ya murɗa, inji ya kama. Na ga hannun Lacidan yana karkarwa har gwiwar hannu, agogonsa yana kaɗawa a wuyan hannun. Ƙoƙon da ke kusa da shi ya yi tafiyarsa ya faɗo, ruwan ya jiƙa masa takalmi. Ya ɗaga hannu. "Kashe! Kashe!"

Da aka sake yin shiru ya ce, "Har yaushe zai kai a haka?"

"Allah kaɗai ya sani. Ƙila ya ga sati, ƙila kahin la'asar."

"In an cire na niƙan?"

"In an cire, na ɗaure ƙusoshin nan, ina sa rai. Ba zan sake rantsuwa ba."

Lacidan ya fita ya tsaya yana kallon layin matan nan da buhunansu. Ni na ga tsoro a bayansa shi ma, don shi ma akwai waɗanda yake amsa wa. Ya dawo ya ce, "Cire." Ya ƙara da cewa, "Amma ka sani, gobe sai an tambayi wanda ya yi ƙarya. Ba ni zan amsa ba."

Kawu ya ce, "Na sani."

Da mata suka ga ana kwance abin niƙa, wuri ya kaure. "Tsoho, ka kashe mu!" "Jiya ka ce lahiya lau, yau ka ce a koma turmi?" Wata ta ce ai tsufa ne ya kama shi, ya fara gigi. Na kwance goyona na miƙa wa Iya, na yi kan matar, sai da aka shiga tsakaninmu. Kawu ko ɗagowa bai yi ba. Yana kwance ƙusa yana jera su a ƙasa, gumi na ɗiga daga gemunsa, gardi na tsaye a kansa. Maza suka kama aka fito da abin niƙan aka jingine shi a bango. Ya ɗaure kan famfo, ya sake jera ƙoƙunan, ya ce in ƙara musu ruwa. Bayan azahar aka tada inji. Muka bi su ɗaya bayan ɗaya da ido, tun daga farko har wuyan famfo. Duk suna ɗan kaɗawa a hankali. A waje bututu ya yi kaki ya kawo ruwa.

Washegari manyan suka zo, suka ga ruwa, ba su ga niƙa ba. Ban san abin da aka faɗa musu ba. Na dai ga an sa Kawu a bayan mota tsakanin gardawa biyu. Ya kira babban ɗansa, wanda zai riƙe injin, ya ce masa, "Kada ka yarda da wuri guda. Ka bi shi duka, kullum." Ni kuma ya ce mini, "Ke, ki gyara darnin nan naki, abin kunya." Motar ta tashi. Iya ba ta yi kuka ba sai da ta shiga ɗaki.

Mun koma turmi. Mukan jiƙa masarar ta kwana, mu daka, tafin hannu ya fashe, mu naɗe da tsumma mu ci gaba. Ba zan ce ba a sha wuya ba. An sha, an yi rashe-rashe, kuma akwai matan da suka yi shekaru ba su gaida Kawu ba. Sai da aka yi ruwan shuka aka sako shi. Ya dawo a rame, hannunsa na dama yana ɗan rawa, kuma bai daina ba har ya koma ga Allah. Bai taɓa faɗa wa kowa abin da ya gani a can ba. In an tambaye shi sai ya ce an ba shi masauki ne, a wuce wurin.

Ƙauyukan da ke kewaye da mu da yawa sun watse a shekarar nan. Wasu yanzu sai tsohuwar kuka da tudun bango za ka gani ka san an taɓa zama. Namu bai tashi ba. Sandar ba ta karye ba.

Ran da Kawu ya cika, da safe ne. Maza suka aiko a kawo ruwan wanka, jikoki suka zabura za su tafi. Na ce ba wanda zai je. Na ɗauki bokiti, da ciwon gwiwata da komai, na taka har can. Tsohon injin an daɗe da cire shi, yanzu hasken rana ke jan ruwan, ba ruri ba hayaƙi. Amma ramin shi ne dai. Na tara bokitin na tsaya har ya cika, na ɗauko a kaina, ban bari kowa ya kama mini ba. Da shi aka yi masa wanka.

Allah ya yafe masa faɗansa da kurakuransa, ya sanyaya masa makwanci, ya shayar da shi yadda ya shayar da mu.